Sikanar waya ba bakanike ba ce: abin da ya kamata a yi kafin a goge wutar cek

Akwai wata 'yar na'ura da ta fara yawa a hannun matasa masu mota. Girmanta bai fi kwalin ashana biyu ba. Ana soka ta a wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, cikin minti ɗaya manhaja ta nuna abin da ya sa wutar cek ta kama a dashbod. Kuɗinta bai kai na cika tankin mota sau ɗaya ba, kuma duk mai tsohuwar mota ya kamata ya ajiye irinta.

Sai dai yadda mutane da yawa ke amfani da ita yana jawo musu asarar da ba su yi ba lokacin da ba su da ita. Mutum zai ga lamba, ya kwafa ya saka a Google, ya ga sunan wani kayan gyara a cikin bayanin, ya nufi Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo. Wani kuma ko wannan ba zai yi ba, maɓallin gogewa zai latsa, wuta ta mutu, hankalinsa ya kwanta. Dukkansu sun ɗauki lambar a matsayin hukunci, alhali ƙorafi ne kawai kwamfutar mota ta shigar. Gano mai laifi aiki ne na daban, kuma babu inda rashin sanin wannan ya fi tsada kamar a injin da ya sha tafiya ya fara misin.

Daga ina lambar take fitowa?

Tsarin da na'urar ke magana da shi sunansa OBD-II. Amurka ta wajabta shi a kan motocin da ake sayarwa a ƙasar tun daga ƙirar 1996, Turai kuma ta bi sahu da motocin fetur a 2001. Shi ya sa kusan duk motar da aka shigo da ita daga can, ta Kwatano ta biyo ko ta tashar Legas, tana da soket mai ramuka 16 kusa da gwiwar direba. Yawancin ƙananan sikanonin da ke kasuwa kwaikwayon wani cip ne mai suna ELM327 na wani kamfanin Kanada, manhajoji irin su Torque da Car Scanner kuma su ne ke fassara abin da ya karanto. Mai iPhone ya lura: sikana mai tsohuwar Bluetooth ba ta haɗuwa da wayarsa, sai mai Wi-Fi ko Bluetooth LE.

Lambobin suna da tsari. Harafin P yana nufin inji da giya. Sifilin da ke biye yana nufin lamba ce ta gama-gari da duk kamfanoni suka yarda da ita. P0301 misin ne a silinda ta ɗaya, P0302 a ta biyu, haka har ƙarshe. P0300 kuwa misin ne da ke yawo tsakanin silindoji, bai tsaya wuri ɗaya ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda kwamfutar ke sanin an yi misin. Ba ta da ido a cikin silinda. Saurin juyawar kiranshaf kawai take sa wa ido ta wata sensa. Duk lokacin da silinda ta ƙona mai, kiranshaf yana samun ɗan ƙarin turi. Idan lokacin silinda ta ɗaya ya zo turin bai zo ba, sai ta ƙirga. Idan ƙirgen ya yi yawa, sai ta rubuta P0301. Iyakar abin da ta sani ke nan: wannan silindar ba ta yi aikinta ba. Ko fulogi ne, ko koyil, ko nozul, ko bawul da ya ƙone, ba ta faɗa ba domin ba ta sani ba.

Masu rubuta manhaja sun san irin wannan. Manhaja za ta faɗi ta ce matsala tana layi na 200, amma gurɓataccen bayanin da ya kayar da ita tun a layi na 40 ya shigo. Wanda ya tsaya yana gyara layi na 200 zai kwana a kai. Lambar mota ma haka take, tana nuna inda aka lura da matsala, ba dole ne can ta samo asali ba.

Misali da motar da kowa ya sani

A ɗauki Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake kira EOD, mai silinda huɗu da injin K24 mai lita 2.4. Ƙirar 2003 ta haura shekara 20 a duniya. Idan daga Amurka ta zo, mitarta da mil take ƙirga, mil 200,000 kuma ya kai kusan kilomita 322,000. Wannan ma idan ba a mayar da mitar baya ba kafin a sayar.

A sabuwar mota, misin yawanci abu ɗaya ne ya lalace, a canza shi a wuce. A mota irin wannan komai ya ɗan gaji lokaci guda: fulogi ya ci, koyil ya sha zafi, tiyon iska ya tsattsage, bawul ya matse, cen ɗin taimin ya saki. Kowanne zai iya haifar da lamba iri ɗaya. Wanda ya shiga sayen kaya ɗaya bayan ɗaya yana canki-canka ne da kuɗinsa, kuma akwatin yana da faɗi.

Barin misin ɗin ma ba mafita ba ce. A gudun inji na 3,000 a minti, kowace silinda tana kunnawa sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Idan ɗaya cikin huɗu ta daina, kusan rubu'in ƙarfin mota ya tafi, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma yana wucewa salansa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 babu wanda ke da fetur ɗin zubarwa. Sannan ɗanyen man nan yana zuwa ya ƙone a cikin abin tace hayaƙi, wanda kanikawa ke kira indomi, ya narkar da shi. Shi ya sa wutar cek ke da yanayi biyu. Idan ta tsaya cak, akwai matsala amma ana iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa, misin ɗin ya kai matakin lalata indomi, a rage gudu a nemi wurin tsayawa.

Idan silinda ɗaya ce: a canza abu ɗaya kawai

Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton allon wayar. Kwamfutar mota tana adana wani taƙaitaccen bayani na daidai lokacin da lambar ta kama: gudun inji, zafinsa, nauyin da yake ɗauke da shi, da saurin mota. Wannan bayanin yana da daraja ƙwarai. Misin da ke zuwa da safe inji na sanyi ya ɓace bayan minti biyar daban yake da wanda ke zuwa a hawan gada an taka totur. Na biyun ya fi karkata ga koyil ko fulogi da ba sa iya ba da wuta idan matsi ya ƙaru.

Daga nan sai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A injin K24 kowace silinda tana da koyil nata a saman fulogi, ƙusa ɗaya ce ta riƙe shi. Idan lambar P0301 ce, a kashe mota, a cire koyil na ɗaya a musanya shi da na biyu. Yanzu ne gogewa ta halatta, tunda an riga an adana hoton. A goge, a tuƙa, a sake karantawa. Idan lambar ta koma P0302, matsala ta bi koyil, an kama shi da hujja, koyil ɗaya za a saya ba huɗu ba. Idan ta tsaya a P0301, koyil ya kuɓuta. Sai a musanya fulogi ta wannan hanyar. Wajen cirewa a leƙa ramin fulogin, domin a tsofaffin injina robar murfin sama tana yoyo, baƙin mai ya taru a ramin ya ɓata wutar.

Ƙa'idar ita ce abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza fulogi da koyil da nozul rana guda, ko da mota ta warke bai san wanne ne ya warkar da ita ba, kuma ya biya kuɗin uku.

Idan koyil da fulogi da nozul duk sun kuɓuta lambar ba ta motsa ba, aikin waya ya ƙare. Abin da ya rage gwajin matsi ne, da geji na ƙarfe da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Ana so silindojin su fito kusa da juna, bambanci kada ya wuce kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a zuba ɗan baƙin mai kamar cokali ɗaya a sake gwadawa. Matsi ya tashi, ringi ne ya ci. Bai tashi ba, a duba bawul ko gasket. A wannan injin akwai ƙarin abu: tazarar bawul da hannu ake saita ta, kuma bawul ɗin hayaƙi kan matse da tsufa. Idan ya matse ba ya rufewa sosai, yana jawo misin, idan an bar shi ya ƙone. Saitin nan aikin sa'o'i kaɗan ne, ƙonewar kuma sai an sauke kan inji.

Idan misin yana yawo: a karanta lambobin tare

P0300 ita kaɗai ba ta cewa komai sai an duba wadda ta zo tare da ita. Da wuya koyil huɗu su mutu rana ɗaya, don haka a nemi abin da silindojin suka yi tarayya a kai: iska, mai, ko taimin.

Idan ta zo da P0171, iska ta fi mai yawa. Inji yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, kuma manhaja tana nuna yadda kwamfuta ke ƙara mai ko rage shi don ta riƙe wannan ma'auni, a ƙarƙashin STFT da LTFT. Idan jimillarsu ta haura kashi 10 a silo, amma ta sauko da aka ɗaga inji zuwa 2,500, iska ce ke shiga ta tsagaggen tiyo ko gasket. Idan kuma ƙaruwa take yi yayin da aka taka totur, mai ne ba ya isowa, a duba famfon mai da matatarsa. A kuma tuna inda aka sha mai na ƙarshe. Wanda ya sayi galan a hannun 'yan bumburutu jiya, yau mota ta fara rawa, ya fara zargin man kafin ya zargi inji.

Idan kuwa P0300 ta zo da P0341, a nan ne ake yawan barin jaki ana dukan taiki. Manhajar waya za ta nuna bayanin gama-gari da ke ambaton sensar kamshaf, sai mutum ya tafi ya sayo sensa. Amma a wannan motar ma'anar da Honda ta ba lambar ita ce sensar kamshaf da ta kiranshaf ba su yi daidai da juna ba. A wasu motoci, ciki har da Toyota, P0016 ce ke ɗauke da wannan saƙon.

Dalilin yana da sauƙin ganewa. Kiranshaf yana ƙasa yana bin fistin, kamshaf yana sama yana buɗe bawul da rufe su. Duk juyi biyu na kiranshaf, kamshaf juyi ɗaya yake yi, cen ɗin taimin ne kuma ke riƙe wannan alƙawarin. Bayan dubban ɗaruruwan kilomita gaɓoɓin cen suna ci, ya ƙara tsawo kaɗan, kamshaf ya fara makara. Sensa ta ga makarar ta kai rahoto. Aikinta ta yi daidai. Sabuwar sensa ma abin da za ta gani ke nan, lambar za ta dawo bayan kwana biyu.

Alamomin da ke rakiyar wannan su ne mota ta yi sanyin ja, ta daɗe tana kiki kafin ta tashi, da wata ƙara kamar ana jan sarƙa a daƙiƙu biyun farko na tashin safe. Tabbatarwa ba ta waya ba ce. Sai an buɗe murfin sama, a kawo silinda ta ɗaya ƙololuwa, a duba ko alamomin taimin sun yi layi, a kuma duba iyakar fitowar tenshona, wato abin da ke ɗame cen ɗin. Idan ya fito har ƙarshe, cen ya gama aiki.

Jinkiri a nan yana da haɗari. K24 yana cikin injinan da fistin da bawul ke amfani da fili ɗaya a lokuta daban-daban. Idan cen ya tsallake haƙora ko ya tsinke, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Gyaran da zai tsaya a cen da tenshona ya koma sauke kan inji, ko neman wani injin gaba ɗaya. Masu EOD mai silinda shida su sani tasu bel take amfani da shi ba cen ba, shi kuma bel ba ya yin gargaɗi irin wannan, da lissafin nisa da shekaru ake canza shi.

Baƙin mai: gwajin da ya fi arha

Kafin a kai ga buɗe inji, a zaro sandar duba baƙin mai. Tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul, i-VTEC a Honda da VVT-i a Toyota, da matsin baƙin mai yake aiki. Tenshona ma haka. Man yana bi ta wasu ƙananan rariyoyi da bawul mai aiki da lantarki. Idan mai ya yi ƙasa, ko ya daɗe ya yi kauri kamar kwalta ya toshe rariyar, lambobi irin su P0011 da P2646 za su fito alhali cen lafiyarsa ƙalau. Tsohon inji yana shan mai tsakanin juye da juye. Camry mai injin 2AZ-FE ta wajajen 2007 zuwa 2009 ta yi suna a kan haka. Accord ɗin Amurka ta waɗannan shekarun 5W-20 aka rubuta mata, amma sau da yawa mai kauri irin 20W-50 ake zuba mata da sunan ƙasar zafi, shi kuma yana jinkirin isa waɗannan ƙananan hanyoyin da safe. Juye da man da ya dace da wanke rariya sukan kashe lambar da aka yi niyyar kashe wa kuɗi mai yawa.

Maɓallin gogewa

Gogewa ba ta gyara komai, shaida take ɓatarwa. Tana share lambar, ta share bayanin lokacin da ta kama, ta mayar da gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta zuwa farko. Cire kan batir ma haka yake yi. Wanda ya goge sannan ya kai mota gareji ya kai wa bakanike fayil da aka yage shafukansa.

Wannan sanin yana da amfani ga mai sayen mota. Mai sayarwa zai iya goge wuta minti goma kafin mai saye ya iso, amma ba zai iya ɓoye cewa an goge ba. Manhaja tana nuna ko gwaje-gwajen kwamfuta sun kammala. Idan yawancinsu suna nuna ba su kammala ba, ba a daɗe da gogewa ko cire batir ba. Motoci da yawa ma suna nuna nisan da aka yi tun gogewar ƙarshe. Idan kilomita 5 ne, a nemi a yi doguwar tafiyar gwaji kafin a yi maganar kuɗi. A kuma lura ko wutar cek tana kamawa idan an murɗa makulli kafin a tayar. Idan ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwan ko an liƙe shi.

Bayan an gama, a zare na'urar. Soket ɗin yana da wuta ko mota a kashe, wasu sikanonin suna zuƙe batir idan mota ta kwana biyu a ajiye, kuma yawancin masu arha da lambar sirri 1234 ko 0000 suke haɗuwa, wanda ke kusa zai iya shiga.

Abin da kanikawa ke cewa

Akwai kanikawan da ke ƙorafin cewa yara sun samu waya sun raina sana'a, suna zuwa gareji da sunan kayan da za a canza maimakon su bari a duba. Suna da gaskiya a rabi. Sikana mai arha lambobin gama-gari take karantawa, ba ta kai na'urorin da ƙwararru ke aiki da su ba, ba ta jin ƙarar cen, ba ta auna matsi. Bakanike da ya shekara 20 yana buɗe K24 ya san abubuwan da babu manhajar da ke nunawa.

Amma ɗaya rabin ma gaskiya ne. Al'adar "a canza fulogi a gani, a wanke nozul a gani" ta daɗe tana cin aljihun masu mota, kuma ta samu gindin zama ne saboda mai mota ba shi da hanyar tambaya. Yanzu yana da ita. Zai iya cewa: "Oga, kafin a sayi koyil, a musanya shi da na kusa mu ga ko lambar za ta bi shi." Zai iya tambayar nawa geji ya nuna a kowace silinda. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin irin wannan tambayar, domin tana rage masa aiki. Wanda ya fusata da ita ya ba mai mota wani bayani mai amfani game da kansa.

Wasu za su ce sensa ta fi aikin cen arha, a hali irin na yanzu gara a gwada mai arha tukuna. Idan arha ake nema, duba baƙin mai kyauta ne, musanya koyil kyauta ne, buɗe murfin sama a duba alamomin taimin ladan aiki ne kawai. Sensar da ba ta lalace ba kuma kuɗi ne aka jefa a rijiya, cen yana ci gaba da ci.

Don haka mai tsohuwar mota ya sayi na'urar, ya koyi karanta ta, ya je gareji da abu huɗu a wayarsa: hoton lambobin duka, hoton bayanin lokacin da suka kama, bidiyon ƙarar tashin safe idan akwai, da ranar juyen mai na ƙarshe. Kada ya biya kuɗin wani kayan gyara sai an nuna masa gwajin da ya kama shi da laifi.